Ganau da Jiyau da Ba-Ruwana

Alƙali ba ya nan sa'ad da aka yi abin. Ran da aka ranci kuɗin yana gidansa, daren da aka haura katangar yana barci, sa'ad da shanu suka faɗa gonar kuwa bai ko san akwai gonar ba. Duk da haka shi za a kawo wa maganar, a ce ya raba, ya faɗi wanda ke da gaskiya, da wanda zai biya, da wanda zai tafi gidan yari. To, ƙaƙa mutumin da bai ga kome ba zai yanke hukunci a kan abin da ya faru a bayan idonsa? Ba shi da dabara sai ya ari ido. Wanda ya ke aron idon a wurinsa shi a ke kira mashaidi, ko kuwa shaida a gajarce.

Tun da ya ke haka ne, ya ku 'yan makaranta, akwai wata tambaya da mu ke so mu duba tare da ku, gama da wuya mutum ya ƙare kwanakinsa na duniya ba a taɓa ce masa, "Kai da ka ke wurin, me ya faru?" ba. Tambayar ita ce: in mutum bai yi ƙarya ba, ya sauke nauyin shaida ke nan? Yawancin mutane za su ce i. Mu dai muna ganin da sauran magana. Ƙarya hanya ɗaya ce kurum cikin hanyoyin da a ke cutar mutum a gaban shari'a. Akwai waɗansu uku, kuma abin mamaki, mutanen kirki ne suka fi bin su.

Bari mu fara da kalmar kanta. Daga Larabci muka aro ta, asalinta kuwa a can halarta ne, watau mutum ya kasance a wurin ya gani da idonsa. Amma ku dubi yadda ta yi rassa a bakin Hausawa. In an ɗaura aure a kan ce wa jama'a su shaida, su kuwa su amsa, "Mun shaida." In ka ga akuyarka cikin garken wani sai ka ce ka shaida ta, watau ka gane ta, tsagar da ke kunnenta kuma ita ma shaida ce. In ka gama makaranta a ba ka takardar shaida. In an aike ka a ce, "Je ka shaida wa Malam." In mutum ya rasu maƙwabta su ce ya sami kyakkyawar shaida, har su ƙara da cewa shaidar duniya ita ce ta lahira. Ko yaro aka tsare da tuhuma, ya duba hagu da dama ya rasa mai goyon bayansa, sai ka ji ya ce, "Allah ne shaidata." Cikin waɗannan duka ma'ana ɗaya ke gudana. Wani ya san abu, wani bai sani ba, na farkon ya ɗauki saninsa ya miƙa wa na biyun, na biyun kuwa ya jingina da shi. Ashe tun daga cikin kalmar, shaida amana ce.

In muka shiga majalisar shari'a za mu tarar kalmomin aro iri biyu ne, gwargwadon hanya biyu da shari'a ta biyo ta iso mana. Na farko na Larabci ne. Sun zo cikin littattafan fiƙihun Malikiyya waɗanda alƙalan ƙasar Hausa ke hukunci da su tun kafin zuwan Turawa, kamar Risala ta Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, da Muhtasar na Halilu mutumin Masar, da Tuhfa ta Ibn Asim alƙalin Garnaɗa ta ƙasar Andalus, wanda ya rasu a 1426. Daga nan muka sami da'awa, watau abin da mai ƙara ya ce yana bi, da iƙirari, watau mutum ya amsa da bakinsa, da hujja, da tazkiya, da i'izari, da zur. Na biyu na Turanci ne, sun shigo bayan 1900, su ne su kotu, da joji, da majistare, da lauya, da sammaci, da beli. Mu kuma muna da namu na gida, su ƙara, da ɗaukaka ƙara, da rantsuwa, da ganau, da jiyau.

Hanyar Alƙali ita ce ya auna mutumin tukuna, kana ya auna maganar. Ƙa'ida ita ce mai da'awa shi ke kawo shaidu, wanda ya musa kuwa rantsuwa ke kansa. A yawancin al'amura maza biyu a ke nema. A sha'anin dukiya namiji ɗaya da mata biyu sun isa, ko kuwa shaida ɗaya tare da rantsuwar mai ƙara. A abin da maza ba su gani, kamar haihuwa, mata biyu sun wadatar. A tuhumar zina kuwa sai huɗu, domin a ƙuntata ƙofar ɓata mutuncin mutane. Bayan yawa kuma a kan duba hali. Lalle kowane mashaidi ya zama adali, mai nisantar manyan zunubai, mai tsare mutuncinsa. In Alƙali bai san shi ba sai a kawo waɗanda suka san shi su wanke shi, wannan ita ce tazkiya. Ba a karɓar shaidar uba ga ɗansa, ko ta ɗa ga ubansa, ko ta miji ga matarsa, ko ta maƙiyi a kan maƙiyinsa, ko ta wanda zai jawo wa kansa amfani da ita. Kada ku ce shari'a ta mai da kowane uba maƙaryaci. Ta dai san ƙauna da ƙiyayya suna karkatar da ido, ko mai idon bai sani ba. Sa'an nan kafin a yanke hukunci sai Alƙali ya juya ga wanda shaidar ta hau kansa, ya tambaye shi ko yana da sauran hujja, ko yana da wata suka ga shaidun. Wannan shi ne i'izari.

Hanyar Joji kuwa ita ce ya bar kusan kowa ya yi magana, sa'an nan a gwada maganar kamar yadda maƙeri ke gwada ƙarfe a wuta. A galibin shari'u ba a ƙayyade yawan shaidu ba, mutum ɗaya in an gaskata shi ya isa. Mashaidi ya kan fara da rantsuwa bisa littafin addininsa, ko kuwa ya yi alkawarin faɗin gaskiya in ba ya son rantsuwa. Lauyan da ya kira shi ya yi masa tambayoyi, amma ba shi da izinin sa masa amsa a baki. Lauyan ɗaya gefen ya taso ya yi masa tambayar ƙure, ya bi maganarsa gaɓa gaɓa yana neman inda ta yi rauni. Daga nan na farkon ya komo ya warware abin da ya rikice. Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011, wadda ta gaji wadda aka fara aiki da ita a 1945, har yara ba ta bari a baya ba. Ta ce yaron da bai kai shekara 14 ba ba a rantsar da shi, amma a saurare shi in kotu ta ga yana da isasshen hankali, ya kuma san wajibcin faɗin gaskiya. Sai dai ba a hukunta mutum da maganar yaron kaɗai, sai an sami abin da ya ƙarfafa ta. Hanyoyin nan biyu sun bambanta, amma tsoro ɗaya ya haife su: kada idon da aka aro ya zama mai hakiya.

Shaidar zur ba ta bukatar dogon bayani, gama ba wanda ke kare ta. Musulunci ya lissafa ta cikin manyan zunubai, tare da shirka da saɓa wa iyaye. A Attaura haninta yana cikin dokoki goma, littafin Kubawar Shari'a kuma a sura 19 ya hukunta a yi wa mai shaidar zur abin da ya so a yi wa ɗan'uwansa. Risala ta ce mashaidin da ya janye bayan hukunci, ya amsa zur ya yi, shi zai biya hasarar da ya jawo. Dokokin laifi na Nijeriya sun tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14. Dalilin wannan tsanani a fili ya ke. Ɓarawo da hannunsa ya ke sata, in ya yi kuwa akwai inda za a kai kuka. Mai shaidar zur da hannun Alƙali ya ke sata, watau ya mai da mafaka ta zama makami, wanda aka cuta kuma ya rasa wurin zuwa. To, wannan kowa ya san shi. Bari mu juya ga sauran ukun da ba su ɗauki kansu masu laifi ba.

Na farkonsu shi ne Jiyau wanda ya ari rigar Ganau. Harshenmu yana da wata 'yar kalma mai harafi uku wadda ta fi ƙarfinta aiki, ita ce "wai". In mutum ya ce, "Sarki ya iso," ya ɗauki maganar ya ɗora a wuyansa. In ya ce, "Wai Sarki ya iso," ya nuna maka kayan ba nasa ba ne, dako ya yi. Ku dubi yadda ji-ta-ji-ta ke girma a kasuwa. Mutum na fari ya ce ya ga wani yaro mai jar hula ya fito daga rumfa da gudu. Na biyu ya ce wai yaron gidan wane ne, gama ya taɓa ganinsa da jar hula. Na uku ya yar da "wai" a hanya, ya ce yaron gidan wane ya yi sata. Na huɗu ya ce ai kowa ya sani. Cikinsu ba wanda ya zauna ya ƙaga ƙarya. Kowa ya sauke 'yar kalma ɗaya ce don maganar ta yi sauƙin ɗauka, amma kafin la'asar an gama da yaron.

Domin wannan ne za ku ji a majalisa a kan yi irin wannan musaya:

"Kai ka gani?"

"Allah ya gafarta Malam, ai duk gari an sani."

"Ba gari na tambaya ba. Kai ka gani?"

"Gaskiya ban gani ba, amma an ce..."

"To, koma ka zauna."

Dokar Shaida ma haka ta ce a sashe na 126: abin da a ke gani sai daga bakin wanda ya gani, abin da a ke ji sai daga bakin wanda ya ji da kunnensa. Dalili kuwa, wanda ya fara faɗin maganar ba ya nan, bai rantse ba, ba a iya tambayarsa ko da rana ne ko da dare, ko daga nesa ya hanga ko kusa. "An ce" ba shi da gida, ba a kai masa sammaci. Gaskiya ne akwai inda shari'a ke karɓar shaidar ji. Malaman Malikiyya sun yarda da ita a kan abubuwa kamar nasaba, da mutuwa, da tsohon wakafi, inda waɗanda suka gani duk sun shuɗe. Amma ko a nan sharaɗi ne mashaidi ya faɗa a sarari cewa ji ya yi, ya daɗe yana ji daga mutane masu yawa. Watau ya zo da "wai" ɗinsa a hannu, bai ɓoye ta ba. Ji ba laifi ba ne. Laifin Jiyau shi ne ya ce ya gani.

Na biyu ya fi wuyar ganewa, gama Ganau ne kansa. Mun saba cewa gani ya kori ji, kuma gaskiya ne. Amma waɗanda suka bar mana wannan karin magana su suka bar mana wani, cewa kama da wane ba wane ba ne. Domin ku ga nauyin wannan na biyun, bari mu kai ku Ingila, inda aka rubuta labarin wata shari'a filla filla. A ƙarshen 1895 wata mace ta tare wani mutumin ƙasar Norwe mai suna Adolf Beck a kan titi a Landan, ta ce shi ne ya yaudare ta ya raba ta da kayan adonta. 'Yan sanda suka kira waɗansu matan da aka yi wa irin wannan zamba, da yawansu suka nuna shi, suka rantse shi ne. A 1896 aka yanke masa ɗaurin shekara 7. Aka sake shi a 1901. A 1904 aka sāke yin zambar, aka kuma kama shi, waɗansu mata kuma suka nuna shi, aka same shi da laifi karo na biyu. Sai zuciyar Jojin ta ƙi natsuwa, ya jinkirta faɗin hukunci. Ana cikin haka, Beck yana tsare, aka kama wani mutum yana yin wannan zamba sak. Da aka kawo matan suka gan shi, sai suka ce ai wannan ne. Aka yafe wa Beck, aka ba shi diyyar fam 5,000, labarinsa kuma yana cikin dalilan da suka sa aka kafa kotun ɗaukaka ƙara ta manyan laifuka a Ingila da dokar 1907. To, ku lura. Matan nan ba 'yan zur ba ne, su aka cuta, gaskiya su ke nema. Sun ga dattijo mai furfurar gashin baki, zuciyarsu ta cike sauran. Amma shekarun da Beck ya yi a kurkuku ba su ragu da kwana ɗaya ba don masu shaidar suna da kyakkyawar niyya.

Masana sun bi wannan al'amari da gwaji. A 1974, a Amurka, Elizabeth Loftus da John Palmer suka nuna wa ɗalibai hotunan majigi na haɗarin mota, sa'an nan suka tambaye su gudun da motocin ke yi. Waɗansu aka tambaye su da kalma mai ma'anar motocin sun bugi juna, waɗansu da kalma mai ma'anar sun ragargaji juna. Na farkon suka kimanta mil 34 a sa'a, na biyun wajen mil 40, alhali abu ɗaya suka kalla. A gwaji na biyu aka bar ɗalibai mako guda, kana aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi. Babu gilashin da ya fashe cikin hoton. Amma cikin mutum 50 da aka yi wa tambaya da kalmar ragargaza, 16 suka ce sun gani, cikin 50 na ɗaya kalmar kuwa 7 ne kurum. Kalma guda ta mai tambaya ta shiga cikin tunaninsu ta zauna, har ta zama musu kamar abin da ido ya gani. Ashe tunawa ba kamar rubutu a dutse ba ce, ta fi kama da sawu a rairayi, kowa ya bi ta wurin sai ya taɓa shi.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne, kusan shekara dubu kafin wannan gwaji malaman fiƙihu sun san da haka. Risala ta yarda a karɓi shaidar yara a kan raunin da suka ji wa juna, amma da sharaɗi biyu: kafin su watse, da kafin wani babba ya shiga tsakaninsu. Me ya sa? Domin da zarar kowa ya koma gida, uwa ta yi tambaya, wa ya sa baki, to, abin da yaro zai faɗa gobe ba idonsa kaɗai ke magana ba.

Saboda haka wajibin Ganau ya wuce ya ƙi ƙarya. Sai ya auna ganinsa, ya faɗi iyakarsa. Daga ina ya hanga? Da farin wata ne ko da fitila? Ya san mutumin da ma, ko ran nan ya fara ganinsa? Fuska ya gani ko ƙeya? In tafiyarsa ce kurum ta yi kama, ya ce tafiyarsa ta yi kama. "Ina tsammani" da "ban tuna ba" ba kalmomin kunya ba ne a bakin mashaidi, ko da lauya ya yi murmushi, ko da 'yan kallo sun ce ya raunana. Jin nauyin jama'a da son a ce mutum ya san abin da ya ke faɗi su ke sa a mai da "kamar shi ne" ta koma "wallahi shi ne". Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Balle zaton da aka yi wa rawani aka kai shi gaban Alƙali da sunan yaƙini.

Na uku shi ne Ba-Ruwana. Shi ya gani sarai, ya kuma tuna sarai, amma da aka zo neman shaidu sai ya ce yana sauri, ko ya ce bai lura ba, ko ya bi ta bayan gida. Kada mu yi saurin zaginsa, gama hujjojinsa ba na banza ba ne. Zuwa kotu ɓata rana ne, a kan ɗaga shari'a sau da yawa, mutum ya bar gona ko rumfa ya yini a benci. Wanda za a yi shaidar a kansa wataƙila maƙwabci ne, gobe za a haɗu a bakin rijiya, ko kuwa mai ƙarfi ne wanda ba ya mantuwa. An ce baki shi ke yanka wuya. Har wa yau an rene mu da kunya da kara da rufin asiri, an kuma koya mana ƙin tsegumi. Ba-Ruwana ya kan ce a ransa, "Ni dai ban cuci kowa ba, shiru na yi."

To, bari mu gwada wannan shirun. A ce wani ya ranta wa abokinsa kuɗi a gaban mutum biyu, sa'an nan ya rasu ya bar mace da marayu. Ɗaya daga cikin shaidun shi ma ya rasu. Matar ta kai ƙara, wanda a ke bi ya musa. In mashaidin da ya rage ya zo ya faɗi abin da ya gani, shaidarsa tare da rantsuwar magada ta isa a karɓo musu dukiyarsu. In ya ce ba ruwansa, ba abin da ya rage wa Alƙali sai ya ba mai musu rantsuwa, ya rantse, ya tafi da abincin marayu. Shin shirun nan a tsakiya ya tsaya? Ko kusa. Ya faɗa a ma'aunin wanda ya yi zalunci, ya rinjayar da shi, tamkar yadda shaidar zur za ta yi. Mai gaskiya shi ke bukatar a yi magana, marar gaskiya kuwa shiru ya ishe shi. Don haka duk shirun da mai sani ya yi a gaban shari'a, kyauta ce ya ba marar gaskiya.

Littattafan addini ba su bar wannan ƙofa a buɗe ba. Aya ta 282 cikin Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, ta kuma hana shaidu ƙin zuwa in an kira su. Ayar da ke bi mata ta hana ɓoye shaida, ta jingina zunubin ga zuciyar mai ɓoyewa. Aya ta 135 cikin Suratun Nisa'i ta umurci a tsai da shaida ko a kan kai ne, ko iyaye, ko dangi. Littafin Firistoci kuma a sura 5 ya ɗora laifi a kan wanda ya ji kiran shaida, ya san abin, ya ƙi faɗi.

Amma ina batun rufin asiri da ƙin tsegumi? Ba mu ce a zubar da su ba, a dai ajiye kowanne a muhallinsa. Malaman fiƙihu sun rarrabe. Laifin da ya tsaya tsakanin mutum da Ubangijinsa, ya wuce, ba wanda ke cutuwa da shi, rufe shi ya fi tona shi. Amma haƙƙin wani mutum ba naka ba ne balle ka yafe shi da shirunka. Tsegumi kuma da shaida ba su haɗa hanya ba. Mai tsegumi ya kan kai magana inda ba a tambaye shi ba, a bayan idon mai ita, wurin waɗanda ba su iya gyara kome, don daɗin baki. Mashaidi kuwa wurin wanda aka ɗora wa gyara ya ke kai ta, a gaban mai ita, ya kuma tsaya a yi masa tambaya. Ɗaya yana gudun a ce shi ya faɗa, ɗaya da sunansa ya ke faɗi.

Saura tsoro. Ba mu daidaita wanda ransa ke cikin haɗari na gaske da wanda ƙyuya kurum ta hana shi ba. Ayar nan ta bashi da ta wajabta wa mashaidi zuwa, ita ce kuma ta hana a cutar da shi. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta Nijeriya ta 2015 ta ba kotu iko, a waɗansu manyan shari'u kamar na ta'addanci, ta ɓoye sunan mashaidi, ko ta sa ya yi magana a bayan labule. Wannan ya nuna nauyin ba a wuyan mutum ɗaya ya ke ba, a wuyanmu ya ke duka. Garin da a ke kiran mashaidi munafuki, a daina gaishe shi don ya faɗi abin da ya gani, bai kamata mutanensa su yi kukan rashin adalci ba. Su suka tsone wa Alƙali ido, sa'an nan su ke mamakin ya yi tuntuɓe.

Ya ku 'yan makaranta, cikinku akwai waɗanda za su zama magatakardan kotu, da 'yan sanda, da likitocin da za su rubuta yadda rauni ya ke, da lauyoyi, da alƙalai, da tafintoci. Tafinta ma mashaidi ne a kan mashaidi, in ya yar da "wai" ɗaya tsakanin Hausa da Turanci ya mai da Jiyau Ganau ba wanda ya sani. Amma halin nan ba ran da aka ba mutum aiki ya ke koyonsa ba, icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ran da littafi ya ɓace a aji, Malam ya tambaya, nan ne makarantar shaida. Kafin ku buɗe baki ku kasa abin da ke ranku kashi uku: abin da kuka gani, da abin da kuka ji, da abin da ku ke tsammani. Ku ba kowanne sunansa na gaskiya, kada ku zuba wani cikin kwandon wani. In abokinku ne abin ya shafa kada ku rage, in wanda ba ku shiri da shi ne kada ku ƙara. In kuma wani na shan bulala a kan abin da kuka san bai yi ba, kada ku sunkuyar da kai.

Ga amsar tambayarmu ke nan. Wanda bai yi ƙarya ba ya tsira daga laifi ɗaya, amma bai sauke nauyin shaida ba tukuna, sai ya zo sa'ad da a ke bukatarsa, ya miƙa abin da idonsa ya ɗauka daidai yadda ya ɗauke shi, ya kuma faɗi inda ganinsa ya tsaya. Allah ya sa mu zama masu riƙon wannan amana, ya kuma haɗa mu da irinsu ran da mu ne mu ke tsaye muna jiran wani ya faɗi abin da ya gani.